Anti Ɗigo da Faratan Amarya

Tsinken sakace ne ya jawo mata sunan. Da shi take ɗigo, ɗaya bayan ɗaya, har sai fure ya fito ras a kan farcen da faɗinsa bai fi maɓallin riga ba. Matan layi suka fara ce mata mai ɗigo-ɗigo, aka gutsure aka koma Anti Ɗigo, shi ke nan suna ya bi ta. Yau idan baƙo ya zo nemanta da sunanta na yanka, sai ya gama bilinbituwa bai samu wanda ya san ta ba.

Babansu mai fentin manyan motoci ne, shi ke zana zaki da ɗawisu a bayan tirela. Tana ƙarama ita ke wanke masa burushi, a nan ta ga yadda yake riƙe numfashi in zai ja layi, ta kuma koyi cewa fenti na biyu ba ya hawa sai na farko ya bushe. Uwarsu ta rasu da wuri, don haka Yaya ce ta raine ta, ta yi mata kitso, ta kai ta makaranta, ta aurar da ita. Mijin nata direban asibiti ne, mutumin kirki, suka zauna lafiya har ciwon ƙoda ya ɗauke shi. 'Ya'yanta maza suna can wuraren aikinsu, kowanne da matarsa a ɗan ƙaramin gidan haya. Yaya ta ce ta dawo, ga ɗaki a sama babu kowa. Ta dawo. Wannan alheri Anti ba ta taɓa mantawa da shi ba, Yaya ma ba ta taɓa bari ta manta ba.

A ɗakin saman nan ta fara sana'ar, ba da niyya ba ma. Wata maƙwabciya ce ta shigo da jan farce duk ya dame mata fata kamar wadda ta yanka kaza, Anti ta kasa haƙuri, ta goge ta sake mata, ta ɗiga mata fararen taurari a kai. Kafin a ce me, mata sun fara hawa bene. Teburinta tsohon keken ɗinki ne da aka cire wa kai, an jingine shi da taga don haske. Kwalabe suna cikin gwangwanin biskit, ga tawul a naɗe inda ake ɗora hannu, ga auduga, ga 'yar fanka mai caji. Burushin da take jan layi da shi na girar ido ne, ita ta aske shi da reza har ya rage 'yan silin gashi. Ba ta girgiza kwalba, murza ta take a tafin hannu, ta ce girgiza ke sa kumfa. Kuma duk girmanki, in kika kai hannu ga waya farce bai bushe ba, sai kin sha faɗa.

"Ajiye min wayar nan! Duniya tashi za ta yi kafin farce ya bushe?"

To amma sana'ar tana da wani abu da ba a faɗa. Jan farce yana hana ruwa taɓa farce, alwala kuwa sai ruwa ya taɓa. Saboda haka yawancin matan da ke hawa benen nan ba sa zuwa sai suna fashin salla. Anti ba ta tambaya, ba a gaya mata, amma ta sani. Ta san wadda watanta ya zo, ta san wadda nata ya yi latti. In mace ta ɓace mata ta daɗe, ba ta cewa uffan, sai ranar da ta dawo da goyo a baya sannan ta ce, "Au, ashe tafiyar da kika yi ke nan." Shekara da shekaru ba a taɓa jin maganar kowa a bakinta ba, shi ya sa mata suke miƙa mata hannu hankali kwance. Ita kanta ta daɗe da daina shafawa, faratanta fes kamar na ma'aikaciyar jinya.

Matsalar gidan ɗaya ce: matakalar benen a cikin falo take. Duk wadda za ta hau ko ta sauka sai ta gifta ta gaban Yaya, wadda tun da ta yi ritaya daga shugabancin makarantar firamare ta kafa kujerarta tana fuskantar matakalar. Mace ce da ta yi rabin rayuwarta tana jera yara da safe tana duba musu farata da rula a hannu. An karɓe makarantar, ba a karɓe idon ba.

Sauran mata dai gaisawa suke su wuce. Wadda ba ta isa ta wuce ba ita ce matar ɗan Yaya. Ɗan, Injiniya ake ce masa, uwar ma haka take kiransa, da ƙarfi, don maƙwabta su ji. Matar kuwa har yau Amarya, alhali an daɗe da cinye amarcin. Da ta haihu da tuni an koma ce mata Maman wane, to ba ta haihu ba. Siririya ce, mai sanyin magana, tana aikin kwamfuta a wani kamfanin sufuri, wuni take yatsunta na gabanta tana buga takardun kaya. Duk wata sai ta hau wajen Anti, duk wata kuma sai ta sauko da yatsu a ware, jaka a maƙale a gwiwar hannu, ta rusuna.

"Mama, zan wuce."

Yaya ba ta kallon fuskarta. Hannun take kallo, ta saman tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta sauke ajiyar zuciya.

"Wannan watan ma? To. Allah ya kyauta."

Daga sama Anti tana ji, sai ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Wai aikin hannunta, furannin da ta riƙe numfashi ta ɗiga, su aka mayar takardar sakamakon asibiti ana karantawa a falo! Sau nawa ta buɗe baki za ta yi magana, ta tuna gidan wa take, ta haɗiye. Sai dai ta huce a kan kwalba, ta murɗa murfi har yatsanta ya yi ja.

Wata rana tana cikin yi wa Amarya ganye kore a kan fari, ta ce mata, "Ke ma dai, in abin yana jawo miki magana, ki huta mana. Ai ba dole ba ne."

Amarya ta bari Anti ta gama ɗan yatsan. Sannan ta ce, "Anti, in jinin wata ya zo, a banɗaki nake kuka, na buɗe famfo don kada Injiniya ya ji. In na gama na wanke fuska, sai na ce wa kaina, to, ai ko ba komai gobe zan je wajen Anti. Abin da nake da shi ke nan a cikin watan. In ina aiki na kalli hannuna na ga fure, sai na ji kamar ba asara kaɗai na yi ba."

Anti ta rufe kwalba. Ta jawo fanka ta kunna, ta ce wa yarinyar ta gyara zama tana kare mata haske. Daga ranar ba ta ƙara ce mata ta huta ba.

Da wata ya zagayo, Anti ta yi mata aikin da ita kanta ta san ta yi aiki: shuɗi mai duhu, da 'yan rassa farare, da ɗigon ruwan zinare a bakin kowane reshe. Amarya ta zauna bakin gado tana juya hannu a hasken taga, tana murmushi, har ya bushe ƙarau. Ta ɗauki hoto. Sai ta miƙo hannun.

"Anti, goge min."

"Na goge me?"

"Na gani ai, ya ishe ni. Ba zan iya wucewa ta gabanta da shi ba yau. Don Allah, Anti."

Anti ta dube ta, ta dubi faratan. Ta jiƙa auduga. Ta shiga gogewa. Shuɗin ya dame da fari ya koma toka-toka a jikin auduga. Kai, jama'a! Mace da aurenta da aikinta, ba sata ta yi ba, ba ta zagi kowa ba, amma sai ta wanke hannu kafin ta sauka bene kamar mai ɓoye laifi. Amarya ta sauka, ta rusuna, ta ce za ta wuce. Anti ta kasa kunne ta ji me za a ce. Shiru. Sai can ta ji muryar Yaya, da wani laushi da ba ta san ta da shi ba: "Sauka lafiya, 'yar albarka. Ki bi a hankali."

Wata na gaba ma haka aka yi, aka zana aka goge. A nan Yaya ta haɗa lissafinta ta gama: yarinya ta hau, ta sauko da farata farare, har karo biyu. Me ya rage? Ta fara da hana Amarya ɗaukar ko butar shayi. Ta koma waya, ta kira ƙanwar mijinta, ta kira aminiyarta, kowacce ta ce mata kada ta gaya wa kowa. Aka shigo da bahon wankan jariri ruwan hoda aka tura ƙarƙashin matakala. Sannan, duk da ciwon gwiwarta, ta hau benen da ta shekara ba ta hau ba, ta zauna a kujerar masu farce tana haki.

"Ke, me yarinyar nan ta ce miki?"

"Wace yarinya?"

"Kar ki raina min hankali. Ta hau, ta sauko ba ja ba kore. Hira kawai take zuwa yi?"

"Yaya, ni farce nake yi. Ban taɓa gaya miki maganar kowa ba, ba zan fara yau ba."

Yaya ta yi dariya har da tafa cinya. "Shi ke nan, na gane. Ke dama haka kike tun kina yarinya, in akwai magana sai ki haɗe rai."

"Ban ce miki akwai ba! Ki daina gaya wa mutane abin da mai abin ba ta gaya miki ba."

"Ai kunya ce irin ta na fari. Ni ma haka na yi."

Ta lallaɓa ta sauka tana yi wa jikan da babu shi kirari. Anti ta tsaya tsakar ɗaki kamar ta fashe. In ta ce babu, ta tona abin da yarinya ta ɓoye, ta karya abin da ta yi shekaru tana riƙo. In ta yi shiru, Yaya ta ɗauki shirun ta kai kasuwa. Ta kira Amarya a waya ta gaya mata halin da ake ciki, ta ce ta sa mijinta ya je ya tare uwarsa tun abin bai yi nisa ba.

Injiniya kuwa cewa ya yi, "Rabu da Mama, za ta gane da kanta." Ya ɗauki makullin mota ya fita. Da Anti ta ji wannan amsa ta yi tsakin da ya fi na kullum tsawo. Yaron da ta goya, ta share wa majina, ga gemu ga digiri, amma jimla ɗaya ta gagare shi gaya wa uwarsa.

Ranar da abin ya fashe, da la'asar ne, ƙawayen Yaya tsofaffin malamai sun cika falo ana shan shayi. Amarya ta shigo daga wajen aiki, kafin ta gama gaisuwa ɗaya daga cikinsu ta kamo hannunta ta ce, "Sannu, ya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya." Sauran suka amsa da amin. Anti ta ji takun hawowarta, ba irin na kullum ba. Ta shigo ta rufe ƙofa, ta zauna ta ɗora hannu a kan tawul.

"Anti, ja za ki sa min. Wanda ya fi kowanne ja. Duka goma. Kuma ba gogewa."

"Kin tabbata?"

"Bakina ba zai iya faɗa ba. Gara su gani."

Anti ta murza kwalbar a tafin hannu ta fara. Ba ta yi fure ba, ba ta yi ɗigo ba, ja zalla, shafi biyu, ta bar na farko ya bushe kafin ta hau na biyu, don ko a cikin fushi ba ta yin aikin banza. Da suka gama ta ɗauki jakar Amarya ta rataya a kafaɗarta, ta ce, "Mu je. Tare za mu sauka."

Falon ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Yaya ta dubi hannun, ta cire tabarau, ta mayar.

"Innalillahi. Zubewa ya yi?"

"Babu komai dama, Mama," in ji Amarya, kanta a ƙasa.

"Babu komai kamar yaya? To watannin nan da kike saukowa hannu fari fa?"

Sai Yaya ta juyo kan ƙanwarta, don ita ce dama mai sauƙin duka. "Ke ce! Na hau har ɗakinki da ciwon ƙafata, kika bar ni na yi ta shela. Kun haɗa baki kun kunyata ni a gaban mutane."

Abin da Anti ta yi shekaru tana haɗiyewa ya taso mata gaba ɗaya.

"Ni na kunyata ki? Ni na kira dangi a waya? Yaya, na zana mata, na goge da hannuna, har karo biyu, saboda idonki! Yarinya ta hau bene ta samu abin da zai ɗan sanyaya mata rai, ki zauna a gindin matakala kina duba mata farce kamar 'yar aji uku. Wannan watan ma, wannan watan ma! Ita ba ta san watan ba ne sai kin tuna mata? Kin taɓa tambayarta ya ta kwana? Shi ɗan naki, Injiniya, me ake dubawa a jikinsa in ya shigo? Abinci kawai ake zuba masa!"

"A gidana kike gaya min wannan? Ni da na raine ki?"

"Kin raine ni, Allah ya saka miki, har na mutu ba zan musa ba. Amma ba ki raine ni don na zama 'yar rahotonki ba."

Ƙawayen suka fara lalubar takalma. Wadda ta yi addu'ar raba lafiya ita ta riga kowa kai wa ƙofa. Yaya ta miƙe da ƙyar, ta dafa kujera, ta ce daga yau kada wata mace ta sake hawa mata bene, gidanta ba shagon kwalliya ba ne, dama warin ya ishe ta. Ta shige ɗaki ta bugo ƙofa. Anti ta raka Amarya har bakin titi, ta tare mata mota, ta buɗe mata ƙofa don kada farcen ya goge. Yarinyar ta shiga mota tana hawaye.

Ba a kori Anti ba, ita ma ba ta da inda za ta. Suna nan a gida ɗaya, gaisuwa da safe, abinci a rufe a kicin, kowa ya ci nasa. Bahon ya ɓace daga ƙarƙashin matakala, ba wanda ya tambayi inda ya tafi. Sana'a kuma ta koma ta yawo: Anti ta zuba gwangwanin biskit da tawul da fanka a jaka, wadda ke so ta kira ta, ta bi ta har gida. Da ƙafa, da rana, a shekarunta. Ba wannan ne ya fi cin ranta ba. Abin da ya hana ta sukuni shi ne wata ya zagayo, wani ya sake zagayowa, kowa ta kira ban da Amarya.

Ta gaji da jira, ranar wata Asabar da hantsi ta ɗauki jaka ta tafi ba tare da an kira ta ba. Amarya ta buɗe ƙofa da tsintsiya a hannu, ta yi murna, ta kawo ruwa. Da ta miƙo kofin Anti ta ga faratan. An yanke su tas har cikin nama, ko abin kamawa babu.

"Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Ni ce, Anti. Na daina." Ta ɓoye hannun cikin zani. "Mama takan zo duk mako yanzu, ba ta cewa komai, amma nan take fara kallo. Dangi ma duk sun san zancen. Ko a ofis wani ya dubi hannuna sai na ji gabana ya faɗi. Gara a bar shi haka, kowa ya rasa abin karantawa."

"To in ya zo fa? Me kike yi?"

"Famfon dai."

Anti ta ajiye kofin. Ta so ta yi faɗa, ta rasa wa za ta yi wa, mai laifin ba ta nan, mijin yana can wajen kallon ƙwallo. Ta jawo jakarta za ta tashi, kwalabe suka yi ƙara a cikin gwangwani. Amarya ta dubi jakar, ta dubi ƙofa, ta rage murya duk da babu kowa a gidan.

"Anti... ko a ƙafa? Jiya ya zo. Ina da safa."

Anti ta ajiye jakar. Sannan ta zame daga kujera ta durƙusa a kan tayil, gwiwoyinta suna ƙara, ta shimfiɗa tawul a cinya ta ɗora ƙafar yarinyar a kai. Ta cusa auduga tsakanin yatsu. Tana aiki tana faɗa ƙasa-ƙasa, ita kaɗai, wai a ce duniya ta kai mace da haƙƙinta sai ta ɓoye ɗan yatsan ƙafa, Allah dai yana gani. In za ta ja layi sai ta yi shiru ta riƙe numfashi, in ta gama ta ci gaba daga inda ta tsaya. A kan babban yatsa ta yi reshe da furanni, a kan ƙananan ɗigo-ɗigo, har ɗan autan da farcensa bai fi ƙwayar shinkafa ba sai da ta sama masa nasa.

Amarya ta miƙe ƙafa gaban fanka tana motsa yatsu, tana 'yar dariya da jiƙaƙƙen ido. Ta daɗe tana kallo. Da ta taɓa ta ji ya bushe sarai, ta shiga ɗaki ta fito da baƙar safa. Anti ta juya mata baya tana jera kwalabe a gwangwani, don ba za ta iya kallon lokacin da za ta saka ba.